Baƙin Maciji Ba Abin Kamawa da Hannu Ba Ne: Martani ga Mai Alamomi Uku

Makalar da wani malami ɗan yankinmu ya rubuta kwanan baya a kan baƙaƙen macizai ta zaga fiye da yadda irin waɗannan rubuce-rubuce suka saba zagawa. An karanta ta a majalisu a Karaye da Rogo, a Jajaye kuwa na tarar da samari sun haddace ta suna koya wa ƙannensu. Abin da Malam ya ce a taƙaice shi ne, galibin baƙaƙen macizan da muke karo da su a gida da gona ba su da dafi, tsoro da rashin sani ne kawai ke sa mu kashe su. Sai ya ba da alamomi uku na gane mara dafi: kansa mulmulalle ne, ba mai kusurwa uku ba, ƙwayar idonsa zagayayyiya ce, ba tsagaggiya irin ta kyanwa ba, kuma ba ya fasa kai idan an tunkare shi. Ya rufe da shawarar cewa duk macijin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, musamman in ƙarami ne, a danne shi da sanda, a riƙe shi ta bayan kai, a kai shi bakin daji a sake shi.

Niyyar Malam mai kyau ce, kuma ina tare da shi a kanta. Gaskiya ne macizai marasa dafi sun fi masu dafi yawan jinsi a ƙasarmu. Gaskiya ne kuma duk manomin da ya ga ɓarnar da ɓera ke yi wa masara a rumbu bai kamata ya zama abokin gaban dabbar da ke cin ɓera ba. Don haka ina fatan Malam zai karɓi wannan martani da zuciya ɗaya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai alamomin nan uku ba sa aiki a wurinmu, biyu daga cikinsu ma sau da yawa a juye suke, shawarar da ya ɗora a kansu kuwa tana iya raba yaro da yatsansa ko da idonsa.

Alamomin ba a ƙasarmu aka haife su ba. Ƙa'idoji ne da ake koya wa yara da masu yawon daji a Amurka, kuma can suna da hujjarsu. Kusan duk macizai masu dafi na Amurka 'yan gida ɗaya ne, wato mai ƙararrawa a wutsiya da danginsa, dukkansu masu faffaɗan kai da tsagaggiyar ƙwayar ido. Ko a can ɗin ma akwai wanda ya karya ƙa'idar, wani siririn maciji mai zoben ja da rawaya da baƙi, mai mulmulallen kai da mugun dafi. Baƙaƙen macizan da mutanen gabashin Amurka suka fi ruɗewa a kansu kuwa guda biyu ne, ɗaya mai cin ɓera da hawan bishiya, ɗaya siriri mai saurin gudu. Ana bambanta su ta santsin fata da launin ciki da yanayin tafiya. Dukkansu ba su da dafi, saboda haka wanda ya kira wannan da sunan wancan bai yi asarar komai ba. Ɗauko wannan darasi a kawo shi Jajaye kamar mutum ne ya ɗauko lokacin shukar wata ƙasa ya ce manoman Rogo su bi shi. Macizanmu daban ne, farashin kuskure a kansu ma daban ne.

Mu gwada alamomin a kan babban baƙin macijin da kowa ya sani, mai fesa dafi a ido, wanda wasu ke kira kumurci wasu gamsheƙa gwargwadon garin da mutum ya tashi, masana kuma suke kira Naja nigricollis. Kansa mulmulalle ne. Ƙwayar idonsa zagayayyiya ce. Ya haye alama ta ɗaya da ta biyu ke nan a matsayin mara dafi. Saura fasa kai. To, kumurci ba ya yawo da kai a fashe. Yana fasa shi ne idan ya ji an rutsa shi kuma ya zaɓi ya tsaya ya yi faɗa. In yana sulalewa zuwa rami, ko yana kwance bayan buhuna, ko yana farautar kwaɗi da dare, wuyansa a tsuke yake, ba abin da ya raba shi da kowane dogon baƙin maciji a idon mai kallo. Yana iya fesa dafi ba tare da ya fasa kan sosai ba, feshin kuma yana kai mita biyu, wani lokaci fiye. Wanda ya sunkuya don ya tantance ko ƙwayar idon zagayayyiya ce ya miƙa fuskarsa daidai inda macijin ke nema. Batun ƙanƙanta ma ba mafaka ba ne, domin ɗan kumurci da dafinsa yake fitowa daga ƙwai, kuma launinsa yakan zama toka-toka da baƙin kai da wuya, bai ma yi kama da uwarsa ba tukuna. Wani lokaci babban ma yakan yi lamo kamar ya mutu idan an matsa masa, sai an miƙa hannu ya juyo.

Ba daga nesa aka samo wannan sani ba. A shekarun 1970 likita David Warrell da abokan aikinsa sun kula da mutanen da maciji ya sara a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma a 1976 suka wallafa abin da suka gani game da kumurci: kumburi mai tsanani, ƙuraje masu ruwa, ruɓewar fata da naman da ke ƙarƙashinta, da kuma makanta ga wasu daga cikin waɗanda ya fesa wa dafi a ido. A 1980 wasu masu bincike, Pugh da Theakston da Reid da abokansu, suka fitar da sakamakon aikin da suka yi a ƙauyukan ƙasar Malumfashi, maƙwabtanmu na yamma. Sun samu cewa kumurci na cikin macizan da suka fi addabar mutanen wurin, yana shiga gidaje da dare ya sari mai barci, yana barin mutane da nakasa ta dindindin, kuma 'yan kaɗan ne daga cikin waɗanda aka sara suke zuwa asibiti. Ƙasar Malumfashi da Kafur da tamu iri ɗaya ce, noma ɗaya, ginin gida ɗaya, akurki da rumbu a tsakar gida ɗaya. Mu ga fadamun rake a Rogo, ga ruwan dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, kuma inda ruwa da hatsi suke, nan kwaɗi da ɓeraye suke, su ne kuwa abincin kumurci tare da ƙwai da 'yan tsaki. Macijin da alamomin Malam suka wanke shi ne wanda ya fi kusa da tabarmarmu.

Akwai ɗan'uwansa da ba ya feshi, wanda launinsa ke kamawa daga ruwan ƙasa zuwa baƙi. Shi ma kai mulmulalle, ido zagayayye. Dafinsa jijiyoyi yake kamawa: fatar ido ta saki, haɗiyar yawu ta gagara, daga nan numfashi ya tsaya, kuma wurin saran ba lallai ne ya nuna wani abin tayar da hankali ba.

Yanzu mu juya ga waɗanda Malam yake son ya ceta, mu ga abin da alamominsa suke yi musu. Macijin gida mai cin ɓera, wanda masana ke kira Boaedon fuliginosus, shi ne abokin manomi na gaske. Launinsa baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana sheƙi, cikinsa fari-fari, tsawonsa yakan kai mita ɗaya, da dare yake fita, kuma nannaɗe ɓera yake yi ya shaƙe shi domin ba shi da dafi ko kaɗan. Ƙwayar idonsa fa? Tsagaggiya ce irin ta kyanwa, kamar yawancin macizan da ke farauta cikin duhu. Bisa alama ta biyu ta Malam, shi ne mai dafi. Akwai wani ƙaramin maciji mai duhun launi da ke bin kwaɗi a bakin rijiya da lambu, Crotaphopeltis hotamboeia. In aka tsorata shi sai ya baje kansa ya zama mai kusurwa uku, ya yi ta kai sara don a ji tsoronsa, alhali dafinsa bai isa ya cutar da mutum ba. Bisa alama ta ɗaya, shi ma hukuncinsa sanda ne. Macijin da ke haɗiye ƙwan tsuntsu kusan ba shi da haƙora ma, amma idonsa tsagagge ne, kuma yana goga jikinsa ya yi ƙara irin ta kububuwa. Ke nan yaron da ya haddace makalar zai kashe mai cin ɓera, ya miƙa wa kumurci hannu. Ko burin da Malam ya rubuta makalar dominsa alamomin ba su kai shi gare shi ba.

Amma duk wannan bai kai abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa shi ne wani ƙaramin baƙin maciji da Malam bai ambata ba sam, wanda kuma ya cika sharuɗɗansa uku cif. Masana na kiran jinsinsa Atractaspis. Yana cikin waɗanda mutane ke cewa masu kai biyu, saboda kansa bai fita daga jikinsa ba, ba shi da wuyan da za a nuna, wutsiyarsa kuma gajera ce dunƙulalliya mai ɗan tsini a ƙarshe. Baƙi ne wuluk mai sheƙi, ko ruwan ƙasa mai duhu, kaurinsa bai fi yatsa ba, tsawonsa galibi bai wuce taƙi biyu zuwa uku ba. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai, zagayayyu. Ba ya fasa kai, ba ya huci, ba ya tsayawa ya yi barazana. A cikin ƙasa yake zama, yana bin ramuka yana cin 'ya'yan ɓera da kulɓa da ƙananan macizai, kuma yana fitowa sarari da dare bayan an yi ruwa, ko garma ta tono shi a lokacin huɗa, ko a ɗaga dutse ko tsohon itace a same shi. Duk wanda ya gan shi zai ce wannan ai ba ya komai.

Halittar bakinsa ce ta bambanta shi da duk sauran macizai. Fiƙoƙinsa dogaye ne ƙwarai in aka gwada da girman kansa, kuma a kwance suke suna kallon baya. Ba sai ya buɗe baki ba. Yakan ɗan zame haɓarsa ta ƙasa gefe, fiƙa ɗaya ta leƙo ta gefen baki, sai ya fizgi kan ƙasa da baya ya caka. Wannan dabara ce ta farauta a cikin rami inda babu filin wage baki. Ma'anarta ga mutum kuwa ita ce, riƙon bayan kai, wanda shi ne ke tsare mai kama sauran macizai, shi ne ke ɗora babban yatsa da manuniya daidai kan hanyar fiƙar. Babu wata hanyar riƙe wannan maciji da hannu da za a tsira. Masana macizai da suka shafe shekaru suna wannan aiki, a Afirka ta Kudu da Kenya da sauran wurare, ya sha sararsu ta haka, galibi don sun ɗauke shi a matsayin wani mara dafi mai kama da shi. Warrell da abokan aikinsa sun wallafa bayanin waɗanda ya sara a arewacin Najeriya a shekarar 1976, don haka ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Saransa yana da zafi mai tsanani nan take, sai kumburi, sai ƙaluluwa, sai ƙurji mai ruwa, wani lokaci naman kan yatsa ya ruɓe har a rasa gaɓa. Ba kasafai yake kisa ba, amma an samu waɗanda ya kashe, kuma an gano a dafin wasu jinsunansa sinadarin da ke matse jijiyoyin jinin zuciya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, allurar kashe dafi da ake da ita ba a yi ta dominsa ba. Ita EchiTAb-Plus da ake haɗawa a ƙasar Kosta Rika da dafin macizan Najeriya, kububuwa da kasa da kumurci take wa aiki. Wanda Atractaspis ya sara sai dai a ba shi maganin zafi, a kula da raunin, a sa ido a kan zuciyarsa da numfashinsa har dafin ya gama abin da zai yi. Malam, wannan shi ne macijin da makalarka ta ce wa yara su riƙe ta bayan kai. Na tabbata ba da saninka ba ne, amma yatsan yaro bai san niyya ba.

Mai karatu zai ce, to a ba mu alamar gane shi mana, mu ƙara ta huɗu a kan ukun. Ga inda gizo ke saƙar. Ƙananan baƙaƙen macizai masu zama cikin ƙasa duk zaman rami ya ba su siffa kusan ɗaya. Akwai Lycophidion mai cin kulɓa, ƙarami, baƙi, mai ɗan baje kai, wani lokaci da ɗigo-ɗigon fari a jiki, ba shi da dafi. Akwai Prosymna mai hanci kamar bakin shebur, mai cin ƙwan ƙadangaru, shi ma ba shi da dafi, amma wutsiyarsa gajera ce mai tsini kamar ta Atractaspis. Makafin macizan ƙasa masu cin gara da tururuwa su ma wutsiyarsu da tsini take ƙarewa. Sai kuma Amblyodipsas, wanda in aka ajiye shi gefen Atractaspis ko ƙwararre sai ya dakata. Masana kan raba su ta duba jerin ɓawon da ke ƙarƙashin wutsiya, ko guda-guda ne ko bibbiyu, da tsarin ɓawon da ke kan kai, kuma ko wannan ɗin ma akwai jinsunan Atractaspis da ba sa bin ƙa'idar. Alama ce da ba a ganinta sai an juya maciji an kwantar da shi ta baya, aikin ɗakin bincike ne a kan mataccen maciji da ke cikin kwalba. Akwai wata ɗabi'a da Atractaspis ke da ita, ta lanƙwasa wuya ya kafa hanci a ƙasa yana neman nutsewa, ya kuma riƙa fizge-fizge gefe da gefe in an taɓa shi da sanda. In an ga haka a nisance shi. In ba a gani ba, ba shaida ba ce cewa ba shi ba ne.

Baƙin maciji ɗaya ne zan iya cewa ana gane shi daga nesa ba tare da ruɗani sosai ba, shi ne mai jiki kusurwa uku, wanda ƙashin bayansa ya yi tudu tun daga wuya har wutsiya, fatarsa kaushi-kaushi, kansa a baje. Masana sun daɗe suna kiran jinsinsa Mehelya. Ba shi da dafi, ba shi da faɗa, kuma macizai yake ci, har da masu dafi. Wanda ya same shi a bayan gida ya samu mai gadi. Shi ma ɗin abin da saninsa ke amfanarwa shi ne a bar shi ya wuce, ba a ɗauke shi ba.

Sai mu tuna a wane hali ake haɗuwa da maciji. Ba da rana tsaka a kan siminti ba ne, mutum yana tsaye da natsuwarsa. Mace ce ta sa hannu cikin kirare da magariba. Yaro ne ya fita kewaye da dare da tocilar waya mai raunin haske. Manomi ne yana kwance damin dawa ko yana share ganyen rake, ya ga wani yanki na baƙin jiki yana shigewa. A irin wannan lokaci ba a ganin siffar kai, balle ƙwayar ido, wadda ita ma cikin duhu takan buɗe har tsagaggiyar ta koma kusan zagayayyiya. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mukan faɗi haka muna dariya, amma wannan tsoron da iyayenmu suka dasa mana shi ne ya raya da yawa daga cikinmu. Makalar tana cire shi, ta sa ƙarfin hali a gurbinsa, ba tare da ta ba da sanin da zai riƙe ƙarfin halin ba.

Akwai illa ta biyu da ba ta fito fili ba, wadda nake jin ta fi ta farko yawan waɗanda za ta shafa. Ba kowa ne zai kama maciji da hannu ba, amma kowa na iya taka shi. Idan an sari mutum, aka kashe macijin, aka duba aka ga kai mulmulalle da ido zagayayye, me dangi za su ce? Za su ce ai Malam ya rubuta irin wannan ba ya komai, a shafa magani a kwanta. Dama can mutanenmu ba sa gaggawar zuwa asibiti, ga nisa, ga tsadar allura, ga lalacewar hanya da damina. Yanzu an ƙara musu hujjar zama. Saran kumurci kuwa a sa'o'in farko ne ake da damar rage ɓarnarsa, na ɗan'uwansa mai kama jijiyoyi kuma numfashi na iya tsayawa kafin gari ya waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta ɗaura aniyar rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Jinkirin isa asibiti na cikin manyan abubuwan da ake yaƙa a wannan shiri. Likitocin da suka san aikin, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da ma'aikatan asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe, ba launin maciji suke dogara da shi ba. Jikin majinyaci suke karantawa: yadda kumburi ke hawa, ko dasashi na zubar da jini, ko fatar ido ta fara saki. Suna kuma ɗiban jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta a bar shi minti 20. In bai daskare ba, an san dafin kububuwa ne ke aiki. Idan likita da kayan aikinsa bai yarda ya yanke hukunci daga siffar kai ba, mu a zaure ba mu da hurumin yi.

Na san Malam zai iya cewa ai gardawa da masu wasa da maciji suna kamawa da hannu a kasuwanni ba abin da ke samunsu. Su ma ana sararsu, wasunsu kuma suna mutuwa, da yawa daga cikin macizan da suke yawo da su kuwa an riga an karya musu fiƙa. Sana'arsu ba darasi ba ce ga ɗan firamare. Zai iya kuma cewa, in an bi maganata an koma gidan jiya, a kashe duk abin da ya yi baƙi. Ba haka nake nufi ba, kuma wannan ma kuskure ne. Mutane da dama a garin kashe maciji ake sararsu, ko a garin ɗaukar wanda aka ɗauka ya mutu, domin kan maciji na iya sara ko bayan an raba shi da jiki. Tsakanin kisa da kamawa akwai hanya mai faɗi da makalar ta tsallake, wato a ja da baya a ba shi hanya. Macijin da aka gani a gona, ko wane iri ne, a bar shi ya tafi. Ƙaramin da ya shigo ɗaki a tura shi da doguwar tsintsiya cikin bokiti mai zurfi, a rufe, a kai shi nesa a kifar, hannu bai taɓa shi ba. Babban da ya shigo kuwa a fitar da yara da dabbobi, a bar masa ƙofa a buɗe, kada kowa ya tsaya gabansa da buɗaɗɗen ido a kusa. Wannan ya ceci mai cin ɓera ba tare da an nemi kowa ya tantance jinsinsa ba.

Abin da ya kamata samarin Jajaye su haddace su koya wa ƙannensu ba shi da wuya. Tocila da takalmi in za a fita da dare, musamman bayan ruwa. Dogon takalmin roba a fadama da gonar rake. Kada a cusa hannu a rami ko suri ko tarin kara, a fara zungura da sanda. A raba akurki da hatsi da ɗakin kwana, a kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka soke gefensa. In an yi sara, a kwantar da hankalin mutum, a cire zobe da agogo da awarwaro kafin kumburi, a ɗaure gaɓar a jikin itace yadda ba za ta motsa ba kamar an yi karaya, a ɗora shi a abin hawa zuwa asibiti nan take, ko da ya ce bai ji komai ba, a kuma bari a sa masa ido na yini da kwana. Ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba, domin a saran kumurci da kasa wannan ƙara ruɓewa yake yi. Ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɓata lokaci a kan baƙin dutse, ban da asfirin da dangoginsa masu tsinka jini. In an fesa wa mutum dafi a ido, a yi ta kwarara masa ruwa mai yawa nan take, kada ya murza, sannan a kai shi a duba idon ko da zafin ya lafa. Kada a bi maciji don a kai shi asibiti. In an samu ɗaukar hotonsa daga nesa, ya wadatar.

Roƙona ga Malam shi ne ya koma inda ya fitar da makalar ya janye sakin layin da ya ce a riƙe maciji ta bayan kai, ya bayyana cewa alamomin uku na macizan Amurka ne, ya kuma ambaci kumurci da Atractaspis da sunansu da siffarsu. Mutane suna jin maganarsa, shi ya sa ta zaga. Ina kuma roƙon malaman makarantun Jajaye da Zarewa da Fulatan da Beli, da duk wanda ya karanta wa yara makalar ta farko, ya tara su ya karanta musu gyaran kafin a shiga huɗa, lokacin da garma ke tono waɗannan ƙananan baƙaƙen macizai a gaban yaran da ke biye da shanu ba takalmi.